Kayan ɗaki ba tare da bashi ba: jawabin da aka yi a taron ƙungiya



An ce mu yi magana a kan kayan ɗaki. Mu malaman lakwal ne, ba dillalai ba, amma aikinmu ya sa mun sha ɗaure kaya a bayan mota daga wannan gari zuwa wancan, mun san abin da ke karyewa da abin da ke jurewa.

Abin da ya kawo zancen, kowa a nan ya san shi. Bara wani uba a garinmu ya jinginar da gonarsa don ya sayi gado da armuwar da kujeru na ɗiyarsa. An yi buki, an yi guɗa. Da aka kai amarya birni, ɗakin hayar ciki ɗaya ne, armuwar ba ta shiga ƙofa ba. Tana nan a zauren wani, gara na cin ta, gona kuma har yau ba a fanshe ta ba. Ba mu ambaci suna ba, domin ba shi kaɗai ba ne.

Tun zamanin Seyni Kountché, tsakanin 1974 da 1987, hukuma ta yi ƙoƙarin rage kuɗin da ake kashewa a aure, abin bai ɗore ba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada, duk da haka jere bai ragu ba. To, mu ba mu zo mu ce a bar kayan ɗaki ba. Iyayenmu mata, mun san dukiyar mace ce, ba ta miji ba. A yunwar 2005 muna yara, mun ga mata suna fitar da kwanoninsu su sayar su sayo hatsi. Abin da muke roƙo shi ne a bambanta kayan jere da kayan amfani. Na amfani, babu laifi a saye su na hannu.

Wanda ke Yamai ya san kasuwar Katako. Can ake samun tsofaffin ƙofofi, katako, ƙarfe, da masu gyara su a wuri ɗaya. Gadon ƙarfe na da ya fi na yanzu nauyi. Ku ɗaga shi, ku girgiza, ku duba inda aka yi walda. In tsatsa ce kawai a sama, a kankare a shafa fenti, ya koma sabo. In ta ci ƙafar har ta huje, ku bar shi komai arharsa. Kafin ya shiga ɗaki a zuba masa tafasasshen ruwa a kowane lungu, a bar shi a rana, saboda kuɗin cizo. Don haka ne ma muke cewa katifa kam a saye ta sabuwa. In kuɗin bai kai ba, tabarma mai tsabta ta fi tsohuwar katifar da ba ka san wa ya kwanta a kai ba.

Tebur da kujera, a kife su a duba ƙasa. In kun ga ƴan ramuka da gari kamar na tuwo yana zuba, ƙwari sun riga ku. Wanda aka yi da katako na gaske kafinta yana iya gyara shi sau da yawa. Wanda aka yi da garin katako da aka matse, mai ƙyalli, damina ɗaya ta taɓa shi ya kumbura ke nan.

Akwai lokaci kuma. Ana komawa lakwal a watan Oktoba, kafin nan ake canja wa malamai da yawa wurin aiki. Wanda aka kai daga Maradi zuwa Diffa ba ya son biyan kuɗin motar tebur, zai sayar da shi da sauƙi. Mu kanmu haka muka samu namu, kuma haka muka rabu da wasu.

Gargaɗi ɗaya ga samarinmu na birni: kayan da aka kawo maka da dare, da kuɗin da bai kai rabin darajarsa ba, ka tambayi asalinsa. Ka saya a gaban shaida. Kada ƙungiya ta tashi neman belin ɗanta a kan rediyo ko fanka.

Saura zancen kunya, wanda shi ne babba. Ana gudun a ce ɗiyar wane an kai ta da gwanjo. Iyayenmu, wannan a hannunku yake. In dattawa biyar na garin nan suka fara a gidajensu, bakin mutane zai mutu.

Ga shawarar da muke kawowa. A ajiye littafi ɗaya wurin magatakardan ƙungiya. Duk ɗan gari da zai tashi daga gida ko yake da kayan da ba ya bukata, ya sa a rubuta, tare da kuɗin da yake nema. Mai shirin aure ya fara duba littafin kafin ya je kasuwa. Mun riga mun kawo littafin, kuma mun rubuta namu a shafin farko: gadon ƙarfe ɗaya da kujeru biyu.