Mutuwar Kifin Teku a Akwatin Gilashi



Jawabinmu na yau ya shafi wata mas'ala wadda, ko da yake masu ita ba su da yawa a cikinmu, hasarar da ke cikinta ta dukiya da ta rayukan halittun Allah ta isa a tsaya a yi magana a kanta, wato mutuwar kifayen teku masu launi-launi, waɗanda wasu ke ajiyewa cikin akwatin gilashi a falo ko a ofis domin ado da sanyaya ido. Mutum ya je Ikko ko Jidda ko Dubai, ya ga ɗan kifi ruwan lemo mai farar ɗamara yana shawagi tsakanin duwatsun murjani, abin ya ba shi sha'awa, ya kashe kuɗi masu nauyi ya sayo akwati da kifaye da kayan aiki, ya cika ruwa da hantsi, ya zuba kifi da la'asar, sa'an nan bayan mako guda ko biyu ya riƙa wayar gari yana tsintar gawarsu ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai ka ji ana cewa kambun baka ne, ko kuwa mai kanti ya yi ha'inci, alhali sababin yana nan cikin ruwan, kuma gaggawar maigida ce ta jawo shi. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Abin da ke ruɗin mutanenmu shi ne tarwaɗa. Mun saba da ita, mun ga tana kwana a bahon roba cikin ruwan da ya yi kauri don dauɗa, ta wayi gari garau, sai muka ɗauka kowane kifi haka yake. To, ita tarwaɗa Mahalicci ya hore mata wata gaɓa a bayan kai wadda take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take jure abin da wani kifin ba zai jure ba. Kifin murjani kuwa ya fito ne daga bahar wanda zafinsa da gishirinsa ba su cika sauyawa ba shekara da shekaru, kuma saboda yalwarsa duk ƙazantar da kifi ya fitar sai ta ɓace nan take. Saboda haka ba a halicce shi da juriyar sauyi ba, kuma wanda ya ɗauko shi ya sa a cikin lita 100 ta ruwa, ya ɗora wa kansa aikin da teku take yi masa a da.

Ga yadda abin yake. Kifi yana fitar da wani sinadari mai suna amoniya ta matattarar numfashinsa da ke gefen kai, haka kuma kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasan akwati duk amoniya suke komawa, ita kuwa dafi ce wadda ke ƙona wurin numfashin nan, har ka ga kifi ya taso sama yana haki alhali ruwa fes kamar a sha. Ku riƙe wannan da kyau, jama'a, domin a nan ne mafi yawa ke faɗawa: hasken ruwa ba hujja ba ce ta lafiyarsa. Hasali ma dafin amoniya ya fi tsanani a ruwan teku bisa ga ruwan daɗi, domin ruwan teku ya fi karkata ga ɓangaren kanwa, kusan 8.2 a ma'aunin tsami. Abin da ke kawar da amoniya wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani, waɗanda ke zama a jikin duwatsu da yashi da soson matata, su juya ta zuwa wani sinadari wai shi naitirait, wanda shi ma dafi ne, sa'an nan wasu ƙwayoyin su sake juya shi zuwa naitiret, wanda sharrinsa ya yi sauƙi ƙwarai, ana kuma rage shi ta hanyar canjin ruwa. Sabon akwati ba shi da waɗannan ƙwayoyi, kuma kafin su yi yawan da za su iya ɗaukar nauyin kifi, akan ɗauki mako 4 zuwa 6, wani lokaci ma fiye.

Saboda haka wanda ya sayi akwati yau, wajibi ne ya haɗa ruwansa, ya jera duwatsunsa, ya kunna famfo da matata, ya jefa ɗan guntun jatan lande ɗanye ko ɗan abincin kifi domin ya ruɓe ya zama abincin ƙwayoyin nan, sa'an nan ya kame hannunsa, ya riƙa gwada ruwan da 'yan kwalaben gwaji da ake sayarwa tare da kayan, har sai ya ga amoniya ta hau ta sauko ta koma sifiri, naitirait ma haka. A sa'an nan ne kawai ya halatta ya sa kifi, shi ma ɗaya ko biyu, ya kuma dakata makonni kafin ya ƙara. Na san abin da za ku ce. Baƙi za su zo su ga akwati wayam, yara suna ta tambaya ina kifin, uwargida tana cewa an kashe kuɗi an ajiye kwalabar ruwa a falo. A yi haƙuri da wannan duka. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Sai batun gishiri, wanda ba zan daɗe a kansa ba sai a wuri guda. Gishirin miya ba ya yi, ko da na beza ne ko na kanti. Akwai gishiri na musamman da ake haɗawa domin wannan aiki, mai ɗauke da sauran ma'adinan teku, ana narkar da shi a bokiti dabam, ba a cikin akwatin da kifi ke ciki ba, a bar shi ya kwana famfo yana juya shi, a auna har ya kai kimanin giram 35 a kowace lita, wato 1.025 a jikin ma'aunin gishiri. Wurin da nake so ku kasa kunne shi ne wannan: idan hunturu ya shigo, iska ta bushe, za ku ga ruwan akwati yana raguwa kullum, to, ku sani ruwa ne kaɗai ke tashi, gishirin yana nan bai je ko'ina ba. Wanda ya cike gurbin da ruwan gishiri, ya ƙara gishiri a kan gishiri ke nan, kuma sannu a hankali zai kai kifinsa ga halaka yana zaton alheri yake yi. Da ruwan daɗi tatacce ake cikewa, kaɗan-kaɗan, kowace rana, ba a bari sai ya yi ƙasa sosai a kwarara masa bokiti guda ba. Ruwan famfo kuwa, in akwai kulorin a cikinsa, yana kashe kifi, yana kuma kashe ƙwayoyin nan da aka yi makonni ana jira. Don haka ne ma ba a wanke soson matata a bakin famfo, sai dai a ɗauraye shi cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin. Sau nawa yarinyar gida mai son tsabta ta kwashe duwatsu da soso ta wanke su tas da omo, ta mayar da akwatin shekara guda ya koma sabo fil, amoniya ta dawo kamar ranar farko! Laifin ba nata ba ne, na wanda bai yi mata bayani ba ne.

Zafi da wutar lantarki su ne jarrabawarmu ta musamman. Kifayen nan suna son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27, mu kuwa a watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan haura 40. Gwargwadon ɗumin ruwa, gwargwadon ƙarancin iskar da ke narke a cikinsa, ga shi kuma dama ruwan gishiri yana riƙe iskar da ta gaza ta ruwan daɗi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. To, idan aka ɗauke wuta da tsakar dare a bazara, famfo ya tsaya, fuskar ruwa ta daina motsi, sa'o'i kaɗan sun isa a yi ta'adi. Wanda ba shi da inbata ko sola, ko aƙalla ɗan famfon iska mai batir, shawarata gare shi ya jinkirta wannan kiwo har Allah ya hore masa. In kuwa abin ya zo bagatatan, akwai dabarar da ta girmi lantarki: wata Baturiya mai suna Anna Thynne, wadda ta fara ajiye murjani mai rai a gidanta a Landan a shekarar 1846, ta riƙe shi da rai har shekaru ta hanyar sa a riƙa juye ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan a gaban buɗaɗɗiyar taga. Ku ma ku ɗauki moɗa mai tsabta, ku ɗebo ruwan ku kwararo shi daga sama, ku yi ta maimaitawa har a kawo wuta. Kuma kada a ba da abinci a wannan hali.

Abincin ma ai sai an yi faɗa. Alhaji ya barbaɗa da safe, Hajiya ta barbaɗa da rana don ta ga kamar suna jin yunwa, autan gida ya dawo daga makaranta ya juye rabin gwangwani, baƙo ma a ce ya gwada ya gani. Wannan israfi ne, kuma duk abin da kifi bai cinye cikin minti biyu ba, amoniya ce ta gobe. Mutum ɗaya ya ɗauki nauyin ciyarwa, a ɗaga gwangwanin inda hannun yara ba ya kai. Haka nan maganin sauro na fesawa da na kunnawa, ƙanƙanin abin da ya sauka a kan ruwa ya isa ya kashe kifi. In dole ne a yi feshi, a rufe akwatin ruf, a kashe famfon iska na ɗan lokaci, kuma hannun da ya sha mai ko turare kada ya shiga ruwan.

Sabon kifi kuma, kafin ya shiga cikin 'yan'uwansa, a ware shi a ƙaramin akwati kamar wata guda, saboda wata cuta mai fitar da fararen ɗigo a jiki, wadda in ta shiga babban akwati fitar da ita sai an sha wuya. Maganinta akwai jan ƙarfe a ciki, yana kuwa kashe murjani da jatan lande, don haka kada kowa ya zuba shi da ka, a nemi masani. A kuma lura wajen saye, domin a wasu sassan Filifin da Indunisiya akwai masu kama kifayen nan da gubar sayanayid, kifi ya iso kanti yana sheƙi, alhali cikinsa ya riga ya lalace; kifin da ba ka ga ya ci abinci a gabanka ba, kada ka biya kuɗinsa. Amma ko da ka sami lafiyayye, in ka zuba shida a rana ɗaya cikin akwatin da ƙwayoyinsa na kifi biyu ne, ka koma gidan jiya.

Ina nanata wannan ne domin abin amana ne. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim game da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. To, halittar da aka rabo da Bahar Maliya ko tekun Indiya aka kulle a gilashi, numfashinta ma a hannunka yake, haƙƙinta a wuyanka bai gaza na kyanwa ba.

Wanda kuma yake saurarena yanzu, kifinsa ya riga ya fara haki ko wani ya mutu, ya tashi ya tsame gawar nan take, ya gwada ruwan, ya canja kashi ɗaya cikin huɗu da sabon haɗi mai zafi da gishiri daidai da na ciki, ya ƙara iska, ya dakatar da abinci kwana biyu, kuma don girman Allah kada ya tafi kanti gobe ya sayo madadin wanda ya mutu, sai kwalbar gwaji ta nuna masa sifiri mako biyu a jere.