Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

 

Yau zancenmu a kan wata al'ada ne ta ƙasar Amurka, sunanta Halowin. Daren 31 ga Oktoba a ke yinta, watau jajiberen 1 ga Nuwamba, ranar da Ikkilisiya ta ke tunawa da dukan tsarkaka. Mutanen Ailan da na Sukotlan ne su ka ƙetare teku da ita, musamman bayan yunwar da ta fara a Ailan cikin 1845, sa'ad da dankali ya ruɓe a gona. A wannan dare yara su kan yi shigar ban tsoro ko ta ban dariya, su bi gida gida ana ba su alewa. Wanda ya san tashe na watan azumi ya riga ya ga kamanninsa.

Samari da 'yammata kuwa su kan haɗa kai, su biyar ko shida, su shirya shiga ɗaya kamar masu anko. Waɗansu su zama 'yan ƙwallo, waɗansu likita da masu jiyya, waɗansu fatalwa. Wasa ne, amma tufa tana magana. Bari mu ji abin da ta ke faɗi.

Na fari, tana nuna abin da zuciya ke marmari. Yaro matsoraci ya kan zaɓi kayan jarumi, gama abin da ya ke so ya zama ke nan. Iyaye, kada ku yi masa dariya. Ku lura, ku ƙarfafa shi.

Na biyu, tana nuna yadda abuta ta ke. In abokai shida ne, shiga kuwa ta mutum biyar, wa za a bari? Sau da yawa wanda ubansa ba shi da kuɗin yadi ne. Wani kuma ya kan sa abin da ransa ba ya so, don tsoron kada a ware shi. Wanda ya bi abokai cikin tufa yau, gobe ya iya binsu cikin abin da ya fi tufa nauyi. Zama da maɗaukin kanwa shi kan kawo farin kai.

Na uku, tana nuna wanda mu ke rainawa. Akwai masu yin shigar gurgu, ko mahaukaci, ko ta wata kabila, domin a yi dariya. A 2019 aka fito da wani hoto na Justin Trudeau, sa'an nan yana Firayim Ministan Kanada, wanda aka ɗauka a 2001 wurin wani biki, ya shafe fuskarsa da baƙi. Ya fito gaban jama'a ya roƙi gafara. Shiga ta dare ɗaya, ga ta ta biyo mutum shekara 18.

Ku tuna da labarin Yakubu. Uwarsa Rifkatu ta sa masa tufafin wansa Isuwa, ta rufe hannuwansa da wuyansa da fatar 'yan awaki, domin ya ruɗi ubansu Ishaku wanda idonsa ya dushe. Ya sami albarkar, amma sai da ya gudu zuwa Haran, ya yi shekara 20 a gidan Laban. Can ma aka ruɗe shi, aka kai masa Lai'atu a maimakon Rahila. Tufa ta ruɗi tsoho, ba ta ruɗi Allah ba.

Ya ɗan'uwana, yaran Amurka su kan tuɓe nasu da gari ya waye. Kai fa? Akwai mai babbar riga wanda mudunsa biyu ne, na saye dabam, na sayarwa dabam. Akwai mai farar tufa ranar Lahadi wanda ya ke danne hakkin yaron shagonsa ranar Litinin. Wannan ma shigar aro ce, Allah kuwa zuciya ya ke dubawa. Ka zo wurin Yesu Almasihu yadda ka ke, shi zai wanke ka.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.