Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Majinyacin Karkara



Tun a zamanin En'e birnin Kano yake da babban asibiti, wato Asibitin Cikin Gari, wanda aka sauya wa suna zuwa Asibitin Murtala Muhammad bayan rasuwar wannan shugaba a 1976. Amma a waɗancan shekaru, ɗan Kano mai neman ilmin likitanci sai ya nufi Zariya ko Ibadan, domin jiharsa ba ta da gidan horar da likitoci.

Kwalejin Abdullahi Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Da aka buɗe sashen likitanci a cikinta, sai bukatar asibitin koyarwa ta taso, tun da ba a sanin cuta a allo, sai a bakin gadon majinyaci. Saboda haka Gwamnatin Tarayya ta kafa asibitin a 1988. Ya fara aiki ne da aron ɗakuna a Asibitin Murtala, kana a 1996 ya tare a mazauninsa na dindindin a kan hanyar Zariya, ɗauke da sunan Malam Aminu Kano, jagoran talakawa wanda ya rasu a 1983. A 2002 aka yi nasarar dashen ƙoda a cikinsa, aikin da a dā sai mai hali ke ƙetare teku dominsa.

To, sai dai wannan suna yana da nauyi. A duba matar mai haƙar kuza a Riruwai, can ƙuryar kudancin jihar, wadda naƙuda ta yi wa gardama da tsakar dare. Kafin ta ga ƙofar wannan asibiti, sai ta ratsa dajin Falgore, ta wuce Tudun Wada, ta bi ta ƙasar Kiru da Bebeji, sa'an nan ta hau titin Kano. Jini kuwa ba ya jiran direba.

Tsarin lafiya a Nijeriya hawa uku ne: ɗakin shan magani na ƙaramar hukuma, babban asibiti na jiha, da asibitin koyarwa na tarayya. Idan hawa biyu na ƙasa suka yi rauni, mai zazzaɓi yakan tsallake su ya cika layin ƙwararren likita, mai tsananin ciwo kuma ya iso a makare.

Don haka bunƙasar asibitin koyarwa ba ta tsaya ga gine-gine da na'urori ba. Ma'auninta shi ne yawan likitoci da ungozomomin da ya yaye waɗanda suka yarda su zauna a Doguwa da Tudun Wada. Wannan kuwa yana hannun ɗaliban da za su karɓi takardar turawa, da ma'aikatan gwamnati masu tanadar musu gida, ruwa, wuta da albashi a kan kari.

Allah ya ba da ikon sauke wannan amana. Wassalam.