Gautan Kaji: Ciyawar Lambu da Batun Dafinta



Wanda duk ya taɓa shiga lambun rani a Dauran, ko fadamun Gagare da Bunsuru daga Kaura Namoda zuwa Shinkafi, ya san gautan kaji ko da bai san sunansa ba. Ɗan tsiro ne da ba ya cika wuce gwiwa, mai fararen furanni ƙanana da 'ya'ya cunkus kamar tsakiya. Tun 1916 Likita Dalziel ya rubuta sunansa a littafinsa na itatuwan ƙasar Hausa.

Danginsa su ne tumatir, tattasai, yalo da dankalin Turawa, kuma wannan zumunci shi ne matsalar manomi. Takin da ruwan da aka tanadar wa tumatir su yake so, ƙwari da cututtukan tumatir kuma a jikinsa suke fakewa. Tsiro ɗaya yakan zubar da dubban iri, tsuntsaye su yaɗa, irin kuwa ya yi shekaru a ƙasa bai mutu ba. Mai cire shi bayan 'ya'yan sun nuna ya makara.

To, yana da dafi? Akwai wani sinadari da masana ke kira solanin, wanda ya fi yawa a ɗanyun 'ya'yan, wato koraye. Yaron da ya ci da yawa zai yi amai, zawo da ciwon ciki, wani lokaci har da jiri da ruɗewa. Kada a raina shi: wani rahoton likitocin Ingila na 1979 ya ba da labarin 'yan makaranta 78 da suka kwanta bayan cin tsohon dankali mai irin wannan dafi, 17 sai da aka kai su asibiti. Amma in 'ya'yan sun nuna sun yi baƙi ƙirin, dafin yakan ragu ƙwarai. Ganyen ma Yarabawa suna miya da shi, suna ce masa odu, sai dai dafa shi suke yi.

Saboda haka malamin gona ko na tsafta da ya je ƙauye ya ce tsiron nan guba ne ɗungurungum, dattijon da ya tsinki baƙaƙen 'ya'yan tun yana yaro zai yi masa dariya, gobe kuma ba zai saurare shi ba, ko da gaskiya ya zo da ita. A ganina abin da za a gaya wa iyaye shi ne: kore ba a ci, kuma yaro ƙarami bai iya rarrabewa ba, don haka a hana shi duka.

A kuma nuna musu gautan kura, mai ƙaya da manyan 'ya'ya rawaya. Shi nunarsa ba ta sa ya ciwu. Yaron da ya ci ɗaya daga cikinsu ya fara amai, a kai shi asibiti da reshen tsiron a hannu, domin ma'aikaci ya ga abin da aka ci.