Gidan Yarin Da Ya Zama Asibiti

Iyayena mata, yayyena da ƙannena, shugabannin mata na mazaɓu: Ga jawabin taronmu na wannan wata, don waɗanda ba su samu zuwa ba.

Maganar taɓin hankali na kawo mana yau, kuma da tarihi zan fara.

A Abeokuta ta jihar Ogun akwai wani wuri da ake kira Lantoro. Asalinsa gidan yari ne. A 1944 Turawan mulki suka mayar da shi gidan ajiye masu taɓin hankali, har da sojojinmu da suka dawo daga yaƙin Bama hankalinsu a gushe. Ajiya na ce fa, ba jinya ba. A kulle mutum, a ba shi abinci, shi ke nan.

A 1954 wani likita ɗan garin, Dakta Thomas Adeoye Lambo, wanda ya yi karatu a Ingila, ya fara aiki a sabon asibitin Aro, nan kusa. Maimakon kulle, sai ya nemi mutanen ƙauyukan da ke kewaye su ba marasa lafiya masauki a gidajensu. Sharaɗinsa, kowane majinyaci ya zo da ɗan uwansa. Yawanci wa kuke zaton ke zuwa? Uwa ce, ko 'yar uwa, ko gwaggo. Ita ke dafa masa abinci, ta yi masa wanki, ta raka shi ganin likita, su koma masauki tare. Masu maganin gargajiya ma bai kore su ba, ya jawo su jiki aka yi aiki tare. Mutane suka riƙa samun sauƙi suna komawa gida.

Tsarin nan ya yi suna a duniya, har Lambo ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Yau Aro babban asibitin tarayya ne da ke horar da likitoci da ma'aikatan jinya, tsohon Lantoro kuwa ya zama reshensa.

To 'yan uwa, mu duba gidajenmu. Mai jego ta daina barci, ta ƙi ɗaukar jaririnta, tana sambatu, sai mu ce iska ce ko sammun kishiya. A kulle ta a ɗaki don kada maƙwabta su ji, ko a kai ta gidan mari. Wallahi ciwo ne, kuma yana da magani. Addu'a da ruƙiyya ba su hana zuwa asibiti, a Islamiyya ma haka malamanmu suka karantar da mu.

Akwai Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, akwai na Maiduguri. Kuma tun Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kare mutuncin majinyaci.

Roƙona, kowace shugabar mazaɓa ta bincika a unguwarta cikin sirri, ban da yamaɗiɗi. In akwai wadda aka kulle, ku sami iyayenta ko mijinta da lalama, ɗayanmu ta raka su asibiti. In kuɗin mota ne matsala, a sanar da ni, mu yi karo-karo.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya bar mu da hankalinmu. Don Allah a tura wa sauran 'yan uwa. Wassalamu alaikum.