Wanda ya gina ɗakin ba shi ke kwana a ciki ba

 

Zan fara da ɗakin da nake haya a Yamai. Ginin siminti ne, rufin kwano, taga guda ƴar ƙarama. A watan Afrilu, in rana ta faɗi, sai bango ya fara amayar da zafin da ya sha tun safe. Ƙarfe biyu na dare ina tsakar gida kan tabarma, ni da sauro. Gidan kakana a Maraɗi kuwa soron ƙasa ne mai kaurin bango, rufin azara. Da tsakar rana nan muke shiga mu yi barci, ba kuran, ba fanka. Da tsohon ya rasu, magada muka rushe shi, aka jera ɗakunan haya na siminti. Da ni aka yi, na kuma karɓi rabona.

To me ya sa muka rushe mai sanyi muka gina mai zafi? Lissafi ne. Mai gida yana duba ɗaki nawa filinsa zai ɗauka, da haya nawa za ta shigo ƙarshen wata. Siririn bango yana ƙara ɗaki, kwano yana rufuwa a yini guda. Zafin kuma ɗan haya ke biyansa, da kuɗin fanka, da kuɗin wuta, da barcin ƴaƴansa.

Sai abu na biyu. Siminti yana da masana'anta, kamar ta Malbaza, yana da mai shigo da shi, da mai babbar mota, da mai shago. Kwano ma haka. Bayan su ga mai sayar da fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Kowane mataki akwai mai cin riba. Ƙasa fa? Magini, da lebura, da mai amalanke, kuɗin ya tsaya cikin unguwa. Jari-hujja ba ya tallata abin da ba a sawa a buhu. Har ta kai muna kiran siminti ginin dindindin, gidan ƙasa kuma alamar talauci, saurayi yana jin kunyar kai amarya cikinsa.

Kun tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinmu daga can yake zuwa? A lokacin muka gane ɗakin da sai da fanka yake zaunuwa bashi ne muka gina wa kanmu. Ga shi kuma sarrafa siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya, mu ƴan Sahel kuwa muna sahun gaba wajen shan wannan zafi.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, ka manta da damina?" Ban manta ba. Ruwan 2024 ya kayar da gidajen ƙasa masu ɗimbin yawa, har tsohon masallacin Damagaram ya faɗi a watan Satumba. Ƙasa tana son harsashi mai ƙwari, da indararo, da yaɓe a kan kari. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suke gayyar yaɓe kafin ruwa. Mu muka bar gayyar, muka kuma gina a hanyar ruwa.

Kuma sanin bai mutu ba. Falke Barmu, maginin da ya gina masallacin Yama a jihar Tawa, aikinsa ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Mariam Issoufou, ƴar ƙasar nan, ta gina gidajen Niamey 2000 da tubalin ƙasa da ake matsewa da na'ura. A Dandaji, ita da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da irin wannan tubali. Maƙwabcinmu Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya fara da makarantar ƙasa a ƙauyensu Gando, ya ci kyautar Pritzker a 2022.

Amma mu yi hattara. Da zarar ƙasa ta yi suna, kasuwa za ta dawo da ita da tsada, ta zama kwalliyar otal da gidajen masu kuɗi, talaka ya ci gaba da gasuwa ƙarƙashin kwano.

Saboda haka ina roƙon abu uku. In za ku yi gini, ko ɗaki guda ne, ku nemi tsohon maginin unguwarku kafin ku je shagon siminti. Masu karatun gini a cikinmu, ku zauna da waɗannan tsofaffi tun suna da rai. Sannan mu tambayi magadan garinmu: azuzuwan da ake ginawa da kuɗinmu, yaro zai iya karatu a ciki da azahar a watan Mayu?

Ni dai soron kakana ya tafi, da hannuna a ciki. Wanda nasu yake tsaye, don Allah ya je ya duba indararonsa kafin damina.