Kada Jinya Ta Cinye Karatun Yaranmu

Jawabin da kwamitin ilimi ya gabatar wa fastoci, dattawa da shugabannin Zumuntar Mata na ikilisiyoyin yankin Jibiya

  

An ce mu yi magana a kan yaranmu da ke karatun injiniya. Maganar tana da faɗi, amma za mu tsaya wuri guda, wato abin da ke samun irin wannan yaro ranar da ciwo ya kwantar da mahaifinsa ko mahaifiyarsa, gida kuma babu kuɗi.

Bari mu fara da shi kansa karatun, domin iyaye da yawa sun ɗauka duk jami'a ɗaya ce. Kafin yaro ya shiga sai ya ci darussa biyar a WAEC ko NECO, cikinsu har da Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri, sa'an nan ya sake zama JAMB a kan waɗannan huɗun. Idan ya samu shiga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Jami'ar Bayero ta Kano, shekara 5 ke gabansa, alhali abokinsa da ya ɗauki tarihi ko tattalin arziki zai gama a shekara 4. A shekara ta huɗu za a tura shi koyon aiki na wata 6 a wani kamfani ko ma'aikata, abin da suke kira SIWES, kuma galibi shi zai nemi wurin kwana ya ciyar da kansa a garin da ba shi da kowa. A shekara ta biyar akwai aikin kammalawa, wanda sau da yawa sai ya sayi ƙarfe, waya ko siminti da kuɗin aljihunsa ya haɗa abin da zai nuna wa malamai. Shekara biyar ɗin ma a takarda take. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci wata 9, na 2022 kuma ya ci wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda ya shiga a 2018 ya san abin da muke faɗi.

Abin da muke so dattawa su riƙe shi ne, wannan karatu ba a yin sa daga nesa. Akwai ɗakin gwaje-gwaje, akwai ɗakin zane, akwai ɗakin ƙere-ƙere inda ake koyon walda da sarrafa ƙarfe. Ranar da aka yi gwaji yaro ba ya nan, ba wanda zai sake kunna masa injin shi kaɗai. Darussan kuma sarƙe suke da juna kamar tubali a gini: wanda bai ci lissafin aji biyu ba, akwai darasin aji uku da ba za a bar shi ya yi rajistarsa ba. Saboda haka mako uku da yaro ya yi a bakin gadon asibiti yana iya zama shekara guda cur da ta salwanta, da kuɗin rajistarta, da kuɗin ɗakinta.

To ina kuɗin ke fitowa? Mu nan abincinmu yana rataye da abu biyu, gona da iyaka. Gona, kowa ya san abin da 'yan bindiga suka yi mata. Akwai masu bi a cikinmu da suka yi damina uku ko huɗu ba su taka gonarsu ta nesa ba. Iyaka kuwa, an rufe ta a Agustan 2019. Da aka buɗe wasu iyakoki huɗu a Disambar 2020, Illela da Maigatari suna ciki, tamu ba ta ciki. Sai a Afrilun 2022 aka buɗe Jibiya. Ba a daɗe da numfasawa ba aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake rufewa, har zuwa Maris na 2024. Ku lissafa da kanku. Direba, ɗan dako, mai facin taya a Magama, matar da ke sayar da abinci a tasha, mai kai kaya kasuwar Lahadi, duk sun yi shekara uku da ɗoriya hannu a haɓa. A cikin wannan tsakani aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin mota zuwa Zariya ya ninka, jami'o'in tarayya da dama kuma suka ƙara kuɗin rajista a shekarar. Har magani ma iyaka ta taɓa shi. Da can iyali kan kai mara lafiya Maraɗi ko asibitin mishan na Danja, sai ga hanya a rufe, da aka buɗe kuma naira ta riga ta faɗi a gaban sefa.

Cikin wannan hali ne ciwo ke shigowa. Hawan jini ya kayar da baba ɓarin jiki ya shanye, ko ciwon suga ya ci ƙafar mama, ko likita ya ce sai wankin ƙoda. A kai Babban Asibitin Jibiya, daga nan a tura Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina. Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti ya san mara lafiya ba ya zama shi kaɗai. Dole a samu mai jinya da zai karɓi takardar magani ya je ya sayo, ya bi layin gwaji, ya nemo masu ba da jini, ya kawo abinci, ya juya mara lafiya, ya wanke shi. Sai iyali su duba su ce wa zai iya? Wannan yana da mata da yara, wancan bai iya Turanci ba, ba zai gane maganar likita ba. Sai a ce a kira ɗan makaranta. Iliminsa da aka sha wahala a kai shi ne ya zama igiyar da za a jawo shi gida da ita. Idan kuwa 'ya mace ce ke karatun, ba a ma tsayawa shawara. A wayar farko za a ce mata ta tattaro kayanta, domin wai jinya aikin mata ne. Yarinyar da ta ci lissafi da fiziks a ƙauyen da babu wutar lantarki, a ce ita ce ta fi kowa sauƙin cirewa!

Kuɗin rajistar da aka tara shi ma yana bin hanyar. Ba wanda ya yi mugunta. Rai ne a gaba, an kuma ɗauki abin da ke kusa.

Yanzu wani dattijo zai ce mana, to ku kwamitin ilimi kuna so yaro ya bar ubansa a kwance ya tafi neman takarda? Ina doka ta biyar? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba mu raina ta ba. A Markus sura 7 Ubangiji ya tsauta wa waɗanda suka fake da hidimar Allah suka ƙi taimakon iyayensu, balle mai fakewa da boko. Yaron da ya ji mahaifiyarsa na kwance bai damu ba, wannan ba namu ba ne, ko da ya zama shugaban injiniyoyin Nijeriya. Amma mu duba Yohanna sura 19. Ubangiji yana kan gicciye, aikin da aka aiko shi yana gabansa, mahaifiyarsa kuma tana tsaye tana bukatar mai riƙe ta. Bai manta da ita ba, bai kuma bar aikin ba. Ya danƙa ta a hannun almajirin da yake ƙauna, wanda ba cikinta ya fito ba, shi kuwa ya kai ta gidansa. Tun daga ranar nan jinyar uwar mai bi ta zama nauyin 'yan'uwansa cikin bangaskiya. A Ayyukan Manzanni sura 6 kuma, da aka ga ana manta da waɗansu gwauraye wajen rabon abinci, ikilisiya ta zaɓi mutum bakwai ta ɗora musu aikin, da sunayensu. Ba a bar shi ga duk wanda zuciyarsa ta motsa ba.

Abin da muke roƙo ke nan. Mun iya gaisuwar mara lafiya, Allah ya sani. Ranar Lahadi bayan sujada za a cika ɗakin asibiti, a yi waƙa, a yi addu'a, a ajiye lemo da sabulu. Wannan yana da kyau, kada a daina. Amma daren Talata da ƙarfe biyu, lokacin da ruwan da aka ɗaura ya ƙare ana neman nas, wa ke nan? Muna roƙon kowace ikilisiya, idan gidan da ke da ɗalibi ya shiga jinya, sakatare da shugabar Zumuntar Mata su zauna a ranar su rubuta jerin masu kwana: maza ga namiji, mata ga mace, kowa dare ɗaya ko biyu. Ikilisiyoyinmu ƙanana ne, wata ba ta kai gida ashirin ba, saboda haka sai mun haɗa hannu da na cikin garin Katsina, tun da can ake kwantar da yawancin marasa lafiyarmu. Nas-nas da malaman makaranta da ke cikinmu, ku ne za ku tsaya wa iyali wajen jin maganar likita, domin kada a ce sai ɗan jami'a. Shi yaron ya zo ranar Juma'a da yamma, ya ga mahaifinsa, ya yi masa addu'a, ya koma ranar Lahadi. Zumunta a ƙafa take, mu kuwa sunan ma muke ɗauke da shi.

Iyaye, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mun san kunya, mun san ba a son a ji sirrin gida. Amma dattawa ba su san gaibu ba. Ku faɗa tun kuɗin rajista na nan, kafin a kai shi kantin magani.

Game da kuɗi, ba ma ce ikilisiya ta ɗauki nauyin karatun kowa ba, ba ta da shi. Muna ba da shawara a ware baiko guda a shekara, lokacin godiyar kaka, na hatsi da na kuɗi, a ajiye shi dabam da asusun gini, da sa hannun mutum uku, kuma kada a taɓa shi sai domin ɗalibin da ciwo ko mutuwa ta shiga gidansu. Tiya biyar ta gero da ɗan wake da kuli-kuli da aka aika wa yaro a Samaru tana riƙe shi makonni. Ginin majami'a zai iya jira damina guda, ranar rufe rajista ba ta jira.

Akwai kuma ƙofofin da ba namu ba, waɗanda ya kamata mu ƙwanƙwasa. A Afrilun 2024 aka sa hannu a dokar bashin karatu, asusun da ake kira NELFUND ya fara karɓar masu nema a watan Mayu na shekarar. Na ɗaliban makarantun gwamnati ne, babu ruwa a kansa, ba a neman mai tsaya wa yaro. Kuɗin makaranta ana biyan sa kai tsaye ga makarantar, kuma an fara da ba ɗalibi naira 20,000 a wata na abinci. Biya yana farawa shekara 2 bayan hidimar ƙasa. Bashi ne, kada a ce wa yaro kyauta ce, ya ci da sanin zai biya. Amma ya fi sayar da gonar gado. Hukumar tallafin karatu ta jiha ma tana nan, yaranmu kuma 'yan jiha ne kamar kowa, kakanninsu a nan aka binne su. Wani lokaci yaro mai suna Bitrus ko Rifkatu yakan sha tambayoyi kafin ya samu takardar shaidar ƙaramar hukumarsa. Kada a bar shi ya je shi kaɗai, dattijon da mai unguwa da dagaci suka sani ya raka shi, kuma a yi wannan tun yana sakandare.

Ku matasa, idan abu ya gagara dole sai kun dawo gida, kada ku ɓace wa makaranta haka kawai. Akwai hanyar jingine karatu na zango ko na shekara. A rubuta takarda ta hannun shugaban sashe, a haɗa da takardar asibiti, a karɓi amsa a rubuce, a adana. Wanda ya yi haka gurbinsa na jiransa. Wanda ya tafi shiru za a rubuta masa faɗuwa a kowane darasi, daga baya a sallame shi. Wanda kuma ya duba gidansu ya ga shekara biyar a jere ba za ta yiwu ba, kada ya raina Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina. Difloma shekara 2 ce, kusa da gida, ya fito da takarda a hannu da sana'ar da zai ci abinci, daga baya ya yi babbar difloma ko ya shiga jami'a daga aji biyu.

Wataƙila wani yana cewa a ransa, duk wannan wahala saboda injiniya guda? Jama'armu ta ba ƙasar nan malamai da ma'aikatan jinya da sojoji. Ƙaramar ikilisiyar Wusasa ta fitar da Dokta Dikko, likita na farko a Arewa, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Ba yawa ne ya ba su ba. Amma a fannin injiniya muna baya, aikin kuma ga shi a ƙofar gidanmu. Madatsar ruwan Jibiya da hanyoyin ban ruwanta suna bukatar masu kula. Ambaliyar Yulin 2018, wadda ta kashe mutum fiye da 40 a garin nan cikin dare guda, ta nuna mana cewa magudanar ruwa da gada maganar rai ce. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, ta Jibiya ya biyo, an kuma kafa Jami'ar Sufuri a Daura. Dogo ba a shimfiɗa shi a tafi, shekara da shekaru ana gyara. Idan an zo ɗaukar ma'aikata, muna so a samu 'ya'yanmu cikin masu riƙe da taswira, kada dukansu su ƙare a dakon tsakuwa. Littafin Fitowa sura 31 ya gaya mana Allah ne ya cika Bezalel da Ruhunsa domin aikin ƙarfe da dutse da itace. Kira ne shi ma, kamar na mai wa'azi.

Kafin a tashi cin abinci, muna roƙon sakataren kowace ikilisiya ya ba kwamiti sunan duk ɗalibin da ke karatun injiniya ko difloma ta fasaha, da makarantarsa, da ajinsa, da watan da ake rufe rajista a wurinsu. Inda akwai mara lafiya a gidan yanzu haka, a gaya wa fasto a keɓe, ba sai an faɗa a bainar jama'a ba. Iyayenmu na Zumunta kuma za su zauna da ƙarfe huɗu a kan jerin masu kwana a asibiti.  Baba Rabaran zai yi mana addu'a domin waɗanda ke kwance.